Wayar da Injiniya Wilson Ya Ƙi Cirewa

Wilson mutumin Pankshin ne, amma a Narayi furfura ta same shi. A wata masana'antar man gyaɗa da ke Kakuri yake aiki, kuma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Rage magulmata nake yi."

Da gaskiyarsa. Tankunan dafa mai a jere suke, kowanne da ma'aunin zafi da famfon tururi. Waɗanda suka kafa wurin sun haɗa kowane ma'auni da kowane famfo, wayoyi cunkus kamar taliyar da ta kwana. Tanki ɗaya ya yi atishawa, sai duk sauran sun ji labari. Ɓera ya ci waya ɗaya, aiki ya tsaya cak. Wilson ya zauna da lissafi: kowace waya ta faɗi amfaninta, ko ta kama gabanta. Yakan cire ɗaya, ya jawo benci, yana shan rake, ido na kan babbar allurar da ke nuna zafin tankunan. In zafi ya ɗan yi tangaɗi ya dawo daidai da kansa, to an yi sallama da wannan wayar.

Ɗaya ce bai taɓa ba, mai zuwa ma'aunin da Baba Yohanna ke gadi. Aikin tsohon shi ne ya dubi allurarsa, ya murɗa famfo da hannu. Tuni lissafi ya gaya wa Wilson cewa injin na gyara kansa kafin hannun Baba ya kai. Amma Baba na riƙon jikoki marayu a Sabon Tasha, kuma tare suke waƙa a coci, Wilson na rerawa, Baba na ɓatawa. Wilson ya ja bakinsa ya yi gum, shekara da shekaru.

Sai aka kawo masa sabuwar injiniya, Deborah, ya horar. A nan ya tafka kuskure: ya koya mata da gaske.

Ranar da manaja ya zagayo, ta tare su, shi da Wilson, baki har kunne.

"Oga Wilson, na kama wadda ta tsere maka! Ta Baba Yohanna. Tun safe na cire ta, zafi ko gezau. Shi Baba ma bai lura ba, yana can yana gadin matacciyar allura."

Manaja ya juyo. "Haka ne, Injiniya?"

Wilson ya dubi babbar allura, tana tsaye ƙyam. Ya dubi yarinyar da ke jiran yabo. Ko fasto ya taɓa yi wa ƙarya, amma a gaban allura harshensa ya ƙi.

"Haka ne. Aikinki ya yi kyau."

Ƙarshen wata aka sallami Baba Yohanna. Wilson ya tsaya a bakin get yana laluben abin faɗa. Tsohon ne ya riga shi.

"Injiniya, tun yaushe ka san ba ni da amfani?"

"An jima, Baba."

"Ɗan banza! Shi ne ka bar ni ina murɗa ƙarfe har kafaɗata ta mutu?" Ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "Kada ka yi wa yarinyar nan faɗa. Kuma kada in gan ka a ƙofata da buhun shinkafa, ban mutu ba tukuna."

Wilson ya tsayar masa da keken haya mai ƙafa uku. Baba ya girgiza kai, ya ce da ƙafa zai tafi. Yana so ya isa gida bayan yaran sun gama cin abinci, kada labarin ya hana su ci.