Kwakwar Kaka Bhargavi

A tsibirinmu, idan mutum ya mutu, a kudancin gidansa ake ƙona shi, sannan a dasa kwakwa a kan tokar. Haka aka yi wa kakana Vasavan tun ba a haife ni ba. Matarsa, Kaka Bhargavi, ta shafe shekaru tana murza igiya da ɓawon kwakwa a gindin bishiyar nan, tana ba ta labarin duk abin da ya faru a unguwa.

Sai tsibirin ya fara nutsewa. Ruwan gishiri ya riƙa shigowa tsakar gida, kwakwar maƙwabta suka bushe, masu su suka tashi. Ita kuwa kullum sai ta shiga ruwa iya wuya, ta kwaso laka a kwando, ta tara wa bishiyar a gindi.

Bana, ina gama jami'a na je mata hutu. Wata safiya ruwa ya shigo ɗaki har gwiwa, tukunyar rogo tana yawo, ga maciji a kan gado. Har yau idan na ji famfo yana zuba, safiyar nan nake tunawa. Kawuna ya bugo waya daga birnin Kollam ya ce kada in dawo ba tare da ita ba.

"Kaka, ki tashi mu tafi," na ce.

"Ji matsoraci! Duk karatun nan, ruwa iya gwiwa ya sa ka kuka? In tafi in bar wa wa tsohon da ke gindin kwakwar nan?"

"Sai ki dasa shi a can."

Ta leƙa waje, ta ɗaga kai ta dubi bishiyar. Ƙwallo ɗaya ya rage a sama. Ban iya hawa ba, da gora na zunguro shi, tana ta yi mini tsiya. Na girgiza shi a kunnena. Ba motsin ruwa ko kaɗan. Kowane yaro a garinmu ya san irin wannan ba ya tsirowa.

Ta karɓa ta girgiza ita ma, ta daɗe tana saurare.

"Kaka..."

"Rufe mini baki. Kwakwa za ka koya mini?"

Ta naɗe shi a gefen zanenta, ta shiga kwalekwale. Ba ta waiwaya ba. Ni ne na yi ta waiwaye har bishiyar ta ɓace.

Yanzu tana gidan kawuna a Kollam, a bene hawa na uku, inda ba ƙasa ko ta cikin cokali. Na sayo mata bokiti da taki, ta ce in mayar. Ƙwallon yana kan taga, ta ɓangaren kudu. Da yamma takan jawo kujera kusa da shi. Jiya na ji tana gaya masa kifin birni ba ya da ɗanɗano, kuma jikansa har yanzu bai samu aiki ba.