Shari'ar da Malam Uwaisu Bai Je Ba

Malam Uwaisu karatun noma ya kawo shi Greensboro ta Amurka daga Gusau, amma tsintsiya ce ta riƙe shi. Ya fara da sharar ofisoshi shi kaɗai, kafin 1981 yana da ma'aikata fiye da ashirin da motoci biyu. Ni maƙwabcinsa ne a unguwar Glenwood, kuma in faɗa maka gaskiya, ban taɓa ganin mutumin kirki mai taurin kai irinsa ba.

A cikin ma'aikatansa akwai Sa'adiya, matar wani ɗalibi, Garzali. Da cikinta ya fito, Malam ya ce ta koma gida ta huta, ya ɗauki wata a gurbinta. Shi a ganinsa gata ya yi mata. Ita kuwa da albashin nan suke biyan haya. Ta kai kuka hukuma, daga can magana ta kai kotun tarayya, aka kawo masa sammaci.

Na ce, "Malam, nemi lauya ya ba kotu amsa."

Ya ce, "Haba, mu da muke sallah sahu ɗaya? Sai dai sulhu."

Ya tara dattawa uku suka je wajen Garzali. Aka sha shayi, aka yi addu'a. Garzali, don kunyar manya, ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, magana ta wuce. Malam ya dawo da fara'arsa, ya jefa sammacin a aljihun mota.

To kotun Amurka ina ruwanta da shayi? Wa'adi ya cika babu amsa, alƙali ya ɗauka duk abin da aka faɗa a kan Malam gaskiya ne, ya yanke hukunci a bayan idonsa. Da ya farga ya nemi lauya, alƙali ya ce uzurin bai isa ba. Motocin suka tafi wajen biyan diyya, ofisoshin unguwar Sedgefield da yake wa shara suka janye aikinsu. Ya koma shara a ƙarƙashin wani, har ciwon baya ya zaunar da shi. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Bayan ya rasu, Sa'adiya ta zo gaisuwa. A bakin ƙofa na kasa haƙuri, na tambaye ta me ya hana ta janye ƙarar.

Ta ce, "Baba, kullum ina jira ya zo. Aikina kawai nake so. Su huɗu suka zauna a falona, ni na dafa musu shayin, babu wanda ya tambaye ni."