Kunyar Ɗan Fari a Gidan Mahjar

Aikina a gidan nan na unguwar Mahjar, a Jidda, shi ne kula da masu kula da mutane. Mushrifa ake ce min. Wata ƙungiyar taimako ce ta kama ginin, tsohon bene a bayan wani garejin motoci, inda muke ajiye 'yan mata da masu jegon da suka haihu da ƙuruciya ba su da wurin zuwa, har su tsaya da ƙafarsu. Mai girki, masu shara, direba da masu reno duk a ƙarƙashina suke. Kusan dukansu sun girme ni, ni kuma ba a san ni da haƙuri ba, don haka ba mu cika rabuwa da 'yan tsiya-tsiya ba.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce babbar mai renonmu, Bahaushiyar Sudan ce, kowa Khala yake ce mata, wato inna. Hannunta na da albarka, jaririn da ya ƙi kowa in ta saɓa shi a kafaɗa sai barci. Amma dokar gidan ita ce mai reno ta taimaka wa uwa, kada ta zama uwar. Wannan doka Khala ta ji ta ne kawai, ba ta taɓa shiga kanta ba.

Wata shekara aka kawo mana wata yarinya da ba ta kai ashirin ba, da ɗanta sabuwar haihuwa. Iƙamar mijinta, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, aka kama shi aka mayar da shi gida tana da tsohon ciki. Kakarta ce ta rene ta a unguwar Sa'alaba, renon mutanen da, kuma kakar ta rasu. Yarinyar tana kunyar ɗan fari irin wadda ni a bakin tsofaffi kawai na santa. Ba ta faɗin sunansa. Ba ta kallonsa in akwai babba a wurin. In ya yi kuka a falo sai ta sunkuyar da kai kamar ɗan maƙwabta ne, Khala ta ɗauke shi tana yaba mata, wai ga 'yar da aka ba tarbiyya.

Ni na san abin da ke ƙarƙashin wannan kunyar. Wata rana da azahar na wuce ɗakinta ƙofar ba ta rufu sosai ba, na gan ta ta kifa fuskarta a wuyansa tana shinshina shi tana masa 'yar waƙa. Da ta ji takuna sai ta ajiye shi ta kama ninke zani.

Matsalar ita ce ba ni ke yanke hukunci ba. Akwai jami'ar jin daɗin jama'a da ke zuwa duba masu jego, muna ce mata Ustaza. Ita za ta faɗa ko yarinya ta isa ta fita da ɗanta zuwa ɗakin da ƙungiya ta samar mata, ko a kai yaron gidan renon jarirai tukuna. Zuwanta na farko ta tambayi sunan yaron, yarinyar ta yi shiru, Khala ta amsa mata. Ustaza ta ce wa yarinyar ta ɗauke shi, ta ɗauka da nesa-nesa ta miƙa wa Khala. A matakala Ustaza ta gaya min ba ta ga alamar shaƙuwa ba, in ta dawo ta tarar da haka, za ta ba da shawarar a raba su.

Na zage na yi mata bayanin al'adar da Larabci. Ta saurare ni sosai, mace ce mai adalci. Ta ce ta yarda da ni, amma ta sha ganin uwar da ta ƙi ɗanta da gaske dangi suna rufe mata da sunan al'ada, don haka ba za ta shaidi abin da idonta bai gani ba. Na san gaskiya ta faɗa.

Na fara da yarinyar. Ta yi kuka ta ce za ta yi ƙoƙari, amma in Khala na wurin hannunta ba ya ɗaguwa. Sai na sami Khala a kicin na ce mata ranar da Ustaza za ta dawo ta yi hutu. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce ni haihuwar Jidda ce, Hausar a bakina kawai ta tsaya, ina so in koya wa 'yar mutane rashin ta-ido don in faranta wa baƙuwa. Raina ya ɓaci. Na ce mata in aka ɗauke yaron nan da hannunta a ciki, kuma hutun ba roƙonta nake ba. Ta ce halas, wato shi ke nan, ta juya ta ci gaba da dama kunu.

Ranar da safe na shigo na tarar da ita a falo da yaron a cinya, ta sa masa sabuwar riga. Wai ta zo ne kawai ta shirya shi. Kafin in buɗe baki aka buga ƙararrawa.

Muka zauna. Ustaza a kujera, yarinyar a bakin darduma idonta a ƙasa, yaron a katifarsa a tsakiya, Khala a tsaye da butar shayi ta ƙi fita. Tsoro nake ji ƙwarai. Ana cikin gaisuwa yaron ya farka ya tsala kuka. Khala ta ajiye buta ta sunkuya.

"Khala, ki bar shi," na ce.

Ban taɓa yi mata magana haka a gaban baƙo ba. Ta tsaya a sunkuye, hannuwanta a miƙe. Yaron ya ci gaba da kuka har fuskarsa ta yi ja. Ustaza dai yarinyar kawai take kallo. Ita kuwa yarinyar gaban rigarta ya jiƙe da nono, amma ba ɗanta take kallo ba, Khala take satar kallo.

Khala ta miƙe a hankali. Na zaci za ta zazzage min ne. Sai ta taka zuwa taga, ta juya mana baya, ta ja mayafinta ta rufe gefen fuskarta.

"Ni ba na gani," ta ce da Hausa. "Yalla, 'yata."

Yarinyar ta rarrafa ta sure shi. Ta rungume shi ta sa masa nono, tana kiran sunansa ƙasa-ƙasa tana ba shi haƙuri, hawaye na zuba a kansa. Ustaza ta daɗe tana kallonsu, sannan ta fara tambayarta yadda yake barci da yadda take masa wanka, yarinyar tana amsawa ba ta ɗago ba. Har aka gama Khala ba ta juyo ba. A matakala Ustaza ta ce min za su fita tare.

Na koma kicin da niyyar ba da haƙuri, abin da ba na iyawa da sauƙi. Khala na wanke kofuna. Na ce mata na yi mata tsawa a gaban mutane, ta yafe min.  Ta ce nata ɗan farin yana can garin Madani a Sudan, da gemunsa da 'ya'yansa. Tun yana jariri uwarta ta ɗauke shi, ita kuma ba ta taɓa rungumarsa a gaban kowa ba, kowa na yabonta.

"Duk Juma'a yana kira na a waya," ta ce, tana goge kofi. "Har yau Yaya yake ce min."