Inna Ta Shafa Fuskar Jikarta a Filinge

Ana sallame sallar asuba muka bar Yamai, ni da 'yata mai karatun tarihi a jami'a. Ita ta matsa a yi tafiyar. Wani littafin Faransanci ya ce ƙasarmu ta Kurfai ta shiga tarihi ranar da Nasara ya iso. Ta tambaye ni, kafin nan ina muke? Kunya ta kama ni, na ce sai mu je Filinge wurin Inna, mahaifiyata.

Motar tasha ce, an cusa mu kamar buhunan gero. Kowane shinge sojoji su sauke mu, a duba katin shaida, mu koma. A Baleyara muka sayi kopto, kwaɗon zogale na Zabarmawa, ya yi tsada, amma ƙulin ya ji yaji. Daga nan sai gonaki, an gama girbi, dammunan hatsi jingine a bakin rumbuna.

Mun tarar da Inna a zaune, idanunta sun tafi. Rabonta da jikarta tun yarinyar tana goye, kuma tsorona kada ta ƙi sakin baki da ita. Inna ta jawo ta, ta shafa kumatunta, ta sake shafawa. Sai ta janye hannu.

"Wagga ɗiyar wa ce? Huska sumul, babu tsagar gidanmu. In ta ɓace, wa za shi maido ta?"

Ni na hana a yi mata tsaga, kuma ban yi nadama ba. Amma maganar ta soke ni.

'Yata ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a kuncinta. "Kaka, to ki gwada mini inda take."

Inna ta ce a miƙo mata kwalli. Ta dangwala yatsa tana zana tsagar gidanmu a fuskar yarinyar, tana faɗin inda kakanni suka taso, rijiyoyin da suka haƙa, da Zabarmawa da Buzayen da suka yi yaƙi da su, suka kuma yi auratayya. Nasara bai shigo labarin ba sai can wajen la'asar, fura ma ta ƙare.

"Shi baƙo na," in ji ta. "Ya iske mu muna sussuka."

Washegari muka juyo. 'Yata ta sa na sake ja mata kwallin, haka ta ratsa duk shingayen. Wani soja ya dubi katinta, ya dubi fuskarta, ya ce, "Bakurfaya ce ashe."

Mun iso gida lafiya. Na gane cewa tarihinmu bai jira kowa ya zo ya buɗe shi ba, mu ne muka daina zuwa tambaya. Shekara hamsin ina kallon fuskar mahaifiyata, sai da 'yata ta tambaya na san abin da ke rubuce a kanta.