Ganuwar da Na Gina a Glenwood

Duk faɗin Greensboro, birnin Turawa da nake zaune, daga unguwarmu ta Glenwood har ƙarshen titin Wendover, babu mai ganuwa sai ni. Sarakunan zamanin da sai sun tara gari guda kafin su gina tasu. Ni kuwa da shebur ɗaya da ciwon baya na tayar da tawa.

'Yata da ke aure a Ingila ce ta jawo. Wata Lahadi ta kira ni ta bidiyo, ita da jikata, wadda nake kira amaryata. Suna tafe a kan wani dogon tudu mai ciyawa, da rami a gefensa, tumaki na kiwo. Ta ce wani sarkin Ingila ne na zamanin da ya sa aka tara ƙasar, ta zama iyaka tsakaninsa da mutanen Wales. Yanzu hukuma ke kula da wurin, ko cikin cokali ka ɗiba sai ka yi bayani.

Na ce, "Wannan ai kunyar dankali ce! Ganuwar garinmu, ungulu sai ta yada zango a hanya kafin ta kai samanta."

Amaryata ta cusa hancinta a wayar, ta ce da Turanci in nuna mata.

"Ki zo hutun makaranta ki gani da idonki. Ko kin yi sabon miji ne a can?"

Uwarta ta yi dariya. "Baba ke nan. Za mu gani."

Na daɗe ina jin wannan "za mu gani". Tun da mai ɗakina ta rasu, gidan nan daga ni sai firij, shi ma sai ya ga dama yake magana. Na ce to, wannan karon zan ba yarinyar abin da za ta dame su da kuka a kansa har su kawo ta.

Ƙasar garin nan ja ce jawur, kamar ta gida. Kullum na taso daga sito inda nake aiki, sai in naɗe wando a ɗan filin da ke bayan ɗakina, in kwaɓa ƙasa da busasshiyar ciyawa, in tattake da ƙafa, ina waƙa ina yi wa kaina amshi. Ganuwa ta tashi har ta kai ƙirji, idan mutum ya durƙusa. Na yi mata ƙofa da katakon da aka zubar a wurin aiki. Ruwa ya cinye gefe guda, na sake ɗorawa.

Da hutu ya zo, 'yata ta kira. Mijinta bai samu dama ba, sai dai baɗi. Na ce ba komai, ai ganuwa ba ta gudu. Na juya wayar don amaryata ta gani, ashe da uwarta ta miƙa mata wayar, ajiyewa ta yi ta fita wasa. Silin ɗakinsu na yi ta nuna wa ganuwa.

Ina zaune a kanta da yamma sai maƙwabciyata ta dawo daga coci. 'Yar Jos ce, nas, Anti muke ce mata. Ta tsaya a bakin shinge.

"Malam, wannan kabarin wa?"

"Kabari? Ganuwa ce, Anti! Ko rundunar doki ba ta ƙetare ta."

Ta dubi ganuwar, ta dubi ƙofar gidana, ta gyara jakarta.

"Ai don a tare masu shigowa ake ganuwa. Kai wa ke zuwa wurinka, Malam?"