Wanzamin da Aka So Kora daga Jam'iyya

Heber Bentancor wanzami ne a garin Paysandú, kuma tun yana saurayi bai taɓa sauya jam'iyya ba. Aƙidarsa gajeriya ce: gwamnati ta tsare wa mutum 'yancinsa, sannan ta cire hannu daga sana'arsa da bakinsa. A reshen jam'iyyar na unguwarsu kuma akwai Doña Zulma, tsohuwar malamar firamare, 'yar ra'ayin kawo sauyi, mai ganin 'yanci bai cika ba sai gwamnati ta ɗago na ƙasa. Ƙoƙo ɗaya na mate, shayin gargajiyarsu, suke sha, amma kullum cikin musu.

"Don Heber, mai jin yunwa 'yancin me gare shi? Na hamma?" in ji ta.

"Haba Malama, ke ko numfashi sai kin kafa masa kwamiti!"

Rigima ta taso da aka kawo shawarar kwashe mata masu suyar fanke daga bakin titi zuwa kasuwa guda, a yi musu rajista da magani kyauta. Heber ya ce ba wanda ya tambayi matan, har ya faɗi haka a rediyo. Matasan reshen suka harzuƙa, suka ce ɗan jari-hujja ne ya laɓe cikinsu, suka kira taron korarsa.

Ranar taron Heber ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya zauna can baya. Sai Zulma ta dogara sandarta ta miƙe.

"Mutumin nan ba shi da gaskiya kan batun kasuwa, gobe ma zan gaya masa. Amma zamanin mulkin soja, kafin a haife ku, a shagonsa kaɗai muke buɗe baki, yana ta kaɗa almakashi don kada na waje su ji. In jam'iyyar nan ta yi masa ƙunci, ni ma ta yi mini."

Ba a kore shi ba. Aka je aka tambayi matan. Wasu suka koma kasuwa, wasu suka zauna a titi da rajistarsu.

Heber bai iya godiyar baki ba. Da ƙafa ta gagari Zulma, shi ya riƙa tura ta a keken guragu zuwa taro, yana kauce wa ramuka kamar ya ɗauko ƙwai. Ranar jana'izarta ya rufe shago, ya riƙe hannun 'yarta ya ce, "Mahaifiyarki ce ta hana ni tsufa a wulaƙance."