Yaye a Hannun Baƙuwa

Shekarar da yayan mijina ya dawo daga Faransa da matarsa, ɗiyata tana da wata goma sha tara. Ita ce ta fari, don haka ko a takarda ba zan faɗi sunanta ba. "Yarinyar nan" nake ce mata. In ta faɗi a tsakar gida ba ni ke ɗaga ta ba, sai in ci gaba da dakana ina kallo ta gefen ido, zuciyata na bugawa fiye da taɓaryar, har wata ta zo ta ɗauke ta. Haka na tarar ana yi a Matameye, haka aka yi mini.

Yaya, kamar yadda duk gidan ke kiransa, ya yi shekara goma sha biyar a can. Ya dawo ne ya kafa garkar rake a bayan gari. Matarsa baturiya ce, doguwa, mai saurin dariya. A bakinsa ta koyi Hausa, saboda haka Hausar maza take yi, in ta gaishe ki sai ki ce dillalin shanu ne ya shigo. Kafin a gama ginin gidansu aka sauke su a ɗakin kusa da zaure, ƙofarsu na kallon tawa.

Washegarin zuwansu da hantsi, tana wanka, Yaya ya tara mu gindin itacen bedi, da Inna uwar mijina da sauran matan gida.

Ya ce, "Ku tambaye ta komai. Shekarunta, sana'ar ubanta, abin da take ci. Amma don Allah kada wanda ya tambaye ta addininta."

Inna ta ce, "To me ya rage a tambaya?"

"Inna, a can ba a yi. Shekara shida na yi aiki da wani mutum, kwano ɗaya muke ci da rana. Sai ranar da ya mutu na ga inda aka nufa da gawarsa, sannan na san ko shi wane ne."

"Kai kuma ina kake sallarka?"

"A ɗakin ajiye kwalaye, in ja ƙofa. Ba hana ni aka yi ba. Amma ka shimfiɗa darduma a gaban mutane, kallon da za a yi maka kamar ka fito wanka ba zani."

Inna ta riƙe baki. "Salla ce ta zama wanka?"

"An ɗaura aure, shaidu sun shaida. Sauran nata ne."

Inna ta ce to. Amma mu kaɗai ya tara, bai tara unguwa ba. Matan da suka zo sannu da zuwa, kowace ta shigo sai ta ce, "Madam, an yi azahar?" A wurinmu gaisuwa ce, kamar a ce ina gajiya. Ita kuwa sai kunnuwanta su yi ja kamar tattasai, ta yi murmushi, ta miƙa musu goro. Ta taɓa ce mini a garin nan ko tumatir ba a saye sai an sa Allah a tsakiya, mai sayarwa ya rantse, mai saye ya rantse, mai wucewa ya ce amin.

Da a nan abin ya tsaya da ba ruwana. Sai wata rana muna tsince shinkafa Inna ta ce lokacin yaye ya yi. Mahaifiyata ta rasu tun ban yi aure ba, Inna kuwa bango ɗaya muka haɗa, ko tari na yi yarinyar za ta jiyo. Saboda haka in su Yaya sun tare a sabon gida, can za a kai ta kwana bakwai.

"Ita ma facalarki ta ɗan ɗana goyo," in ji Inna.

Na ce, "To, Inna," kamar aron turmi aka tambaye ni. Uwar fari ba ta gardama a kan ɗanta. In kin yi, har jikokinki sai sun ji labari.

A wurinmu ba a yaye sai da rubutu. Malam zai rubuta a allo, a wanke a zuba a kwalba, yaro ya sha safe da yamma da bismillah, don ya manta nono ba tare da ya rame ba. To wa zai ba ta? In matar nan ta ga baƙin ruwa a kwalba ta ce datti ne ta zubar fa? In yarinyar ta yi atishawa wa zai amsa mata? In ta miƙa hannun hagu wa zai buge shi? Na gaya wa mijina, yana wanke baƙin man babura daga hannunsa, ya ce, "Ke dai da tsoro. Yaya ya ce a bari, a bari."

An hana tambaya, amma ba a hana kallo ba. Ni kuwa shekara uku kawai na yi a lakwal, makarantar boko, amma ido Allah ya ba ni.

Ni ce ƙaramar matar gida, ni ke cika butoci da safe. Na riƙa cika tata har wuya. Bayan azahar, in ta shiga ɗaki, sai in zura tsinken tsintsiya in auna, in sa farce a inda ruwa ya tsaya. Ranar farko ruwa ya ragu da yatsa huɗu. Na kusa yin guɗa, na ce alwala ce. Ina cikin tuƙa tuwo na tuna buta ba alwala kaɗai take zuwa ba. Tuwon ranar ya yi gudaji.

Na koma kan darduma. Inna ta ba ta sabuwa tun ranar zuwanta, tana naɗe a kan akwati. Da na shiga yi mata shara na sa ƙwayar gero guda a bakin naɗin, yadda in aka warware za ta faɗi. Kwana uku tana nan. Rana ta huɗu babu. Na tsaya ina hamdala, sai ga kazar Inna ta fito daga ƙarƙashin gado tana goge baki a ƙasa.

Ranar Juma'a ta yafa mayafi, raina ya yi fari. Ashe rana ce ta ƙona mata wuya. Ranar Lahadi suka fita da sassafe ita da Yaya a mota, na ce shi ke nan, coci suka tafi Damagaram. Kafin azahar suka dawo, ƙafafunta duk taɓo, ta rungumo damin rake.

A kwana na goma ta kama ni. Ina tsugune, tsinke a cikin buta, ido ɗaya a rufe don in ga daidai, na ɗaga kai na gan ta a bakin ƙofa. Washegari sai ga ga-ruwa uku sun shigo a jere, suka cika randunan gidan har da ta awakin maƙwabta. Ta zo gaban kowa ta durƙusa mini, ta ce in yafe mata, ba ta san ruwa ya yi wuya har ana aunawa ba, daga yau rabin bokiti zai ishe ta wanka.

Inna ta jira ta shiga ɗaki, sannan ta juyo kaina.

"Ke! Mu za a ce muna auna wa baƙuwa ruwa da tsinke? A gidan ubanki haka ake yi?"

Na sunkuyar da kai na sha faɗa. In na faɗi gaskiya, na nuna na damu da ɗiyar fari. Gara a ce ni marowaciya ce.

Suka tare. Ranar yaye ta zo. Da hantsi ƙanwar mijina ta goya yarinyar ta yi gaba, ni na biyo baya da ƙullin kayanta, kwalbar rubutu a ƙugu na ɗaure da bakin zani. Na tarar da facalata ita kaɗai a madafa tana dama kunu. Na ajiye kaya. Na ce ina kwana sau biyu. Sai bakina ya buɗe da kansa.

"Matar Yaya, don Allah ki yi haƙuri. Kina salla?"

Ludayin ya tsaya. Kunnuwan nan suka yi ja.

Ta ce, "Ashe ba ruwa kike aunawa ba."

"Ba ruwa ba ne."

Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta daina. Ta ce a gidansu ko uwar da ta haife ta ba ta taɓa yi mata wannan tambaya ba. Kakanta da kakarta ba hanya ɗaya suke bi ba, sun zauna shekara hamsin lafiya saboda ba a kawo zancen wurin cin abinci. Ta ce in aka tambaye ta, ji take kamar an sa hannu a cikin rigarta.

"Ni ma akwai abin da ke cina," in ji ta. "Wata biyu muna gida ɗaya, ban taɓa jin kin kira sunan ɗiyarki ba. Ta faɗi, ba ki ɗaga ta. Ba ki sonta ne?"

Na waiwaya ƙofa da sauri ko wani ya ji.

"Subhanallahi! Wa ke tambayar wannan?"

"Ni."

"Ba a yi. Ko uwata ba za ta tambaye ni ba."

Muka tsaya muna kallon juna, kunu na tafasa. Ba ta amsa tawa ba, ban amsa tata ba. Can ta sauke tukunya, ta ɗauko kaye, littafin rubutu, da biro ta ce, "Faɗa mini duk abin da ake yi mata."

Na kwance kwalbar. Ta ɗaga ta wajen haske, ta jijjiga, ta sunsuna. Na ce rabin ludayi safe, rabin ludayi yamma, da bismillah. Ta rubuta. Hannun dama wajen ci. Ta rubuta. Addu'ar da nake tofa mata in za ta yi barcin rana. Nan biro ya tsaya, ta ce wannan ya fi ƙarfin kunnenta, in faɗa a salula, wayarta ta hannu, ta ɗauki muryata, in lokaci ya yi sai ta kunna mata. Na ga dabara ce mai kyau. Na gyara murya na karanta har sau uku.

Dokar yaye ita ce kada yaro ya ga uwarsa. Ba a ce kada uwa ta bi ta bayan katanga ba. Washegari da rana tsaka na ce wa Inna za ni karɓo ɗinki, na zaga ta hanyar garake na laɓe a bayan gidan. Sai na jiyo kaina a ciki ina addu'a, murya kamar ta mai mura. A bayanta kuma ihun yarinyar, irin wanda tun ranar allurar rigakafi ban ji ba. Ashe da ta ji muryata sai ta tashi nema. Daga baya Yaya ya gaya wa mijina cewa ta duba bayan randa, ta duba ƙarƙashin gado, ta ƙwace salular ta leƙa cikinta, da ba ta gan ni ba ta jefa ta a kwanon kunu.

Kwana na uku na koma. Ƙirjina ya kumbura ya yi tauri kamar dutsen niƙa, gaban rigata ya jiƙe. Na kafa kunne a katanga. Babu salula. Muryar facalata na ji, a hankali, tana jan bismillah kamar mai tsallaka kwata da sabon takalmi. Sai ƙarar ludayi a bakin kwalba, sai haɗiya. Bayan nan ta kama addu'ar barci, tana tsayawa inda nake tsayawa, har da ɗan tarin da na yi a tsakiya lokacin da ake ɗauka. Ko daga zuciyarta take fitowa, ko daga kayen, katanga ba ta gaya mini ba. Yarinyar dai ta yi shiru.

Wani dattijo mai amalanke ya tsaya ya ce, "Ƴata, lafiya? Me ya ɓata?"

Na ce, "Akuyarmu, Baba."

"Allah ya bayyana."

Na ce amin, na bi hanya ina kiran akuyar da ba mu da ita har ya sha kwana.

Ranar bakwai bayan la'asar suka zo. Matan gida duk suna tsakar gida. Facalata ta shigo da goyo, ta ɗaure zani a ƙirji har ya fi nawa kyau, ta miƙa wa Inna kwalba ba ko ɗigo. Yarinyar ta yi kumatu. Aka sauke ta a gabana. Ta dube ni kamar mai tallan da ta taɓa gani a wani wuri, sannan ta juya ta cusa fuska a zanin facalata.

"Yaye ya yi kyau!" in ji Inna. "Ko kallon uwar ba ta yi."

Aka yi ta dariya. Ni ma na yi, har na fi kowa. Wata biyu ina tsoron buta da darduma, ban taɓa zama na tuna abin da rubutun yake yi ba in ya ci. Na tashi na ce bari in duba miya.

Ina tsugune gaban murhu, hayaƙi ya ba ni dalilin share ido, sai haske ya ragu. Facalata ce a bakin madafa. Ta ce da ƙarfi, yadda na waje za su ji, bayanta ya gaji, bari ta ɗan huta a nan. Ta dire yarinyar kusa da gwiwata, ta juya mana baya, ta tsaya a ƙofar ta buɗe mayafinta kamar mai shan iska. Doguwa ce, ta cika ƙofar tsaf.

Na ɗauki ɗiyata. Ƙanshin wani sabulu take yi wanda ban sani ba. Ta banƙare, ta ture ni da gwiwar hannu, ta yi kamar za ta yi kuka. Na sa baki a kunnenta na kira sunanta, a hankali, sau ɗaya. Ta tsaya. Ta kama ɗan kunnena ta ja har na ji zafi, ba ta kuma sake shi ba.

Daga waje Inna ta ɗaga murya. "Wai ba ku jin ƙauri ne? Mata biyu a madafa, miya na ƙonewa!"

Facalata ta ce, "Muna zuwa, Inna," ba ta matsa daga ƙofar ba. Miyar kuwa ta kama, ranar nan da ƙauri kowa ya ci tuwo.